Mawaƙin Da Ba Ya Waiwaye

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a ƙasar Wales, a ɗaya daga cikin garuruwan kwarin nan da aka rufe wa ramukan kwal aka bar magidanta suna zaman kashe wando. Sunansa Emlyn. Sunan gidansu kam zan riƙe shi a bakina, domin yayarsa Nesta tana nan da ranta, kuma mutuniyar kirki ce.

Allah ya ba Emlyn murya. Tun yana ɗan ƙanƙani, idan ya ɗaga waƙa a coci ranar Lahadi, tsofaffin da ƙurar kwal ta cinye wa huhu sai su haɗiye tarinsu su saurara. Uwarsa ta rasu da wuri, Nesta ce ta raine shi. Ita ce wanki, ita ce guga, ita ce jan kunne.

Yana da aboki guda, Dewi, ɗan wani makiyayin tumaki da ke can saman tudu. Dewi ƙato ne, mai sanyin hali, magana sai ta kama. Shi ke kiran Emlyn Zakara, saboda yawan cara da ɗaga kai. Emlyn kuma ya sa masa Sarkin Tumaki.

Suna da wani wasa a rumbun ciyawa na gidan su Dewi. Emlyn zai hau can kan azara, ya juya baya, ya buɗe hannuwa, ya saki jiki ya faɗo cikin tarin ciyawa ba tare da ya duba ba. To amma ciyawa takan ɓoye manjagara mai haƙoran ƙarfe. Saboda haka Dewi ne ke tsayawa a ƙasa, ya lalube wurin sarai, sannan ya kaɗa wata ƙararrawa da ya kwance daga wuyan uwar garkensu. In ƙararrawa ta yi ƙara, Emlyn ya faɗo. In ya ji shiru, ya tsaya inda yake. Ku riƙe wannan a ranku, 'ya'yana, don duk labarin a kansa ya rataya.

Da suka zama samari sai kiɗan rok ya shiga kansu, kiɗan nan mai jita ta lantarki da ganguna masu girgiza ƙirji. Suka samo wasu masu jita biyu suka haɗa ƙungiya. Emlyn ke waƙa, Dewi ke ganga. Suka yi ta yawo kwari zuwa kwari cikin tsohuwar motar baban Dewi mai warin tumaki, suna kiɗa a kulob ɗin mahaƙa, wani lokaci a sallame su da soyayyen kifi da dankali kawai. Ƙararrawar nan kuwa Dewi ya ɗaure ta da kusa a jikin gangarsa.

A waƙarsu ta rufe taro akwai wani wuri da komai ke tsayawa cak. A nan Emlyn ke takowa bakin dandamali, ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannuwa. Dewi yana can kan kujerarsa mai tudu, yana hangen taron ta saman kafaɗar abokinsa. Idan ya ga mutane sun cushe, hannuwa a sama, babu gibi, babu ƙarfe, sai ya doki ƙararrawa. Emlyn ya faɗa da baya, jama'a su cafe shi, su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar jariri ranar suna. Idan kuwa wurin bai yi wa Dewi ba, sai ya zarce da ganga, Emlyn ya juyo ya rusuna, babu wanda zai gane an fasa wani abu.

Mawaƙan rok da yawa suna tsalle cikin taro, amma da fuska suke yi, ido buɗe. Emlyn kaɗai ke yi da baya. Jaridu suka sa masa mawaƙin da ba ya waiwaye. Suka ce ba shi da tsoro. Ba wanda ya san cewa idon wani yake aro, don su biyu ba su taɓa faɗa wa kowa ba, har masu jitar nan.

Sai duniya ta buɗe musu baki. Wani manaja daga Landan, ana ce masa Mista Calder, mai laushin murya da takalmi mai sheƙi, ya ɗauke su. Aka naɗi wasansu a faifai a wani babban zaure, da ihun jama'a da ƙarar ƙararrawa da komai, faifan ya shiga kowane gida. Yara suka fara aski irin na Emlyn. Garinsu da aka manta da shi, sai ga masu ɗaukar hoto suna tsayawa a ƙofar gidan Nesta suna tambayarta wane irin shayi ƙanenta ke sha.

Shin kun zaci shaiɗan da ƙaho yake zuwa? A'a. Ga Emlyn, a tafin hannun wani mai fara'a ya zo, 'yar ƙwaya fara don kada barci ya ɗauke shi a hanya. Da barci ya ƙi zuwa kuma, sai wata don a kira shi. Daga nan sai hodar iblis, wai tana buɗe murya. Daga hoda sai allura. Kowane mataki da ya taka, ce wa kansa yake yi daga wannan ya tsaya. Wa ya taɓa gangarowa daga tudu a guje ya tsaya a inda ya ga dama?

Ya rame. Ya koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi. Nesta ta buga waya ta gaji, kullum sai a ce mata yana hutawa. Mutanen da ke kewaye da shi suna gani, amma kowa abincinsa na jikin muryar nan, saboda haka kowa ya ja bakinsa. In ya makara su ce haka manyan mawaƙa suke. In ya zagi mutum su yi dariya.

Dewi ne kawai bai yi dariya ba. Ya yi magana a hankali, ba a ji ba. Ya yi da faɗa, ba a ji ba. Sai ya ga abokinsa ya fara tangaɗi a bakin dandamali, ƙafa ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, yana karkata wajen da babu mutane. Sai ya daina buga ƙararrawa. Gari bayan gari Emlyn ya buɗe hannuwa ya jira, sai ya ji ganga ta zarce. Jama'ar da suka sayi tikiti don su ga faɗuwar nan suka fara yi masa ihu.

Wata safiya a wani otal a Hamburg, Emlyn ya sauko ya tarar da Dewi yana karin kumallo. Ya tsaya a kansa, hannunsa na rawa.

Ya ce, "Kai, Sarkin Tumaki, hannunka ne ya shanye ko ƙararrawar ce ta tsage?"

Dewi ya ci gaba da shafa man shanu a burodi. Ya ce, "Zauna ka ci wani abu, Zakara. Ka koma kamar tsintsiya."

"Tambayarka na yi. Jiya wurin a cike yake maƙil, da idona na gani."

"Wurin lafiyarsa lau. Kai ne ba lafiya. Mutumin da ba ya iya tsayuwa daidai ba ya iya faɗuwa daidai. Ranar da ka bar allurar nan, ka ji ƙararrawa har kunnenka ya toshe."

Emlyn ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Faɗi gaskiya dai. Ni ake ɗauka a hannu, kai kana baya kana zufa ba wanda ya san sunanka. Abin ya daɗe yana cin ka."

Dewi ya ajiye wuƙar, ya dube shi. Ya ce, "Ni ne ke cire maka ƙayar ciyawa a gashi kafin Yaya Nesta ta gani. Yau ni kake faɗa wa haka?"

"Masu ganga sun fi tumakin ubanka yawa a Landan. Ka koma tudu."

Dewi bai ƙara cewa uffan ba. Ya je inda kayan kiɗa suke, ya kwance ƙararrawarsa, ya sa a aljihu, ya bar musu gangunan gaba ɗaya. A ransa yana ganin ya yi dabara: tunda babu ƙararrawa, Emlyn ba zai sake faɗawa ba. Ya tafi da baƙin ciki, amma hankalinsa a kwance.

Mista Calder ya kawo wani makaɗi daga Landan, gwani ne ƙwarai, mutum mai tsare aikinsa. Aka ba shi faifai aka ce ya koyi kiɗan kamar yadda yake. Ya saurara, ya ji a wurin da komai ke tsayawa akwai ƙarar ƙararrawa. Ya ɗauka cikin kiɗan take. Ya shiga kanti ya sayi sabuwa mai ƙyalli ya ɗaura. Mene ne laifinsa? Abin da aka ba shi ya koya.

Emlyn ya yi niyyar ya ja shi gefe ya yi masa bayani. To amma bayanin yana nufin ya buɗe baki ya ce jarumtar da duniya ke yaba masa ta Dewi ce. Girman kai ya riƙe masa harshe. A wasan farko ya juya baya ya buɗe hannuwa, sai ya ji ƙararrawa. Jikinsa ya saki kafin tunaninsa ya iso. Aka cafe shi. Sai ya ce wa zuciyarsa wataƙila Dewi ya faɗa wa mutumin kafin ya tafi. Bai tambaya ba, domin ba ya son ya ji amsar.

Ya 'yan uwa, ku ji tsoron irin wannan jinkirin. Allah yakan bar bawa yana saɓo yana tsira, yana saɓo yana tsira, har ya ɗauka tsirar hakkinsa ce. Lokacin zaurukan suna cika, duk inda ya faɗa akwai hannu. Ƙararrawa na ƙara a kowane gari, ba wanda ke dubawa, shi kuma yana faɗawa.

Amma allura ba ta barin abin da ta kama. Muryar da ke sa tsofaffi su haɗiye tari ta fara tsagewa. Ya manta baitin waƙar da shi ya tsara. An sha tara jama'a bai fito ba. Masu jita suka kama gabansu, aka kawo na haya. Manyan zauruka suka zama ƙanana, ƙananan ma aka fara ganin ƙasa tsakanin ƙafafun mutane.

Da bazara aka shirya wani bikin kiɗa a wani fili da ba shi da nisa da kwarinsu. A da, Emlyn ne ke rufe irin wannan biki. Wannan karon sai aka sa shi da rana tsaka, lokacin da mutane ke layin sayen abinci. Tun safe kuma ake ruwa, irin ruwan ƙasar nan da ba ya sauri ba ya ɗaukewa.

Yana zaune a ɗakin mota da aka ba shi a bayan dandamali, ya riga ya yi abin da ya saba, idonsa ya yi nauyi, sai aka buɗe ƙofa. Nesta ce, da leda a hannu. A bayanta ga Dewi, ya cika ƙofar, rigarsa sharkaf.

Nesta ta dubi ƙanenta, ta kasa magana. Ta ajiye ledar. Ta ce, "Wainar da kake so ce, auta. Da zafinta na naɗe."

Emlyn bai dubi ledar ba. Ya ce, "A'a, Sarkin Tumaki da kansa. Wa ka bar wa talakawanka?"

Dewi ya ce, "Ba wasa ya kawo ni ba. Na gan ka a talabijin. Na kalli mai gangar nan taka da kyau. Lokacin da ya doki ƙararrawa kansa a sunkuye yake, gashi ya rufe masa ido. Ba ya duba maka komai, Emlyn. Bai ma san ana dubawa ba. Ka faɗa masa?"

Emlyn ya lumshe ido. Ya ce, "Kullum ana cafe ni."

"Leƙa waje ka gani. Mutane sun gudu ƙarƙashin rumfuna. Gaban dandamalin nan faranten ƙarfe aka shimfiɗa don manyan motoci. Yau kada ka faɗa. Ko ta yi ƙara kada ka faɗa. Ko kuma ka bar ni in je in gaya wa mutumin."

Nan fa Emlyn ya miƙe zaune. Ya ce, "Ka gaya masa me? Ka je ka tona min asiri a gaban 'yan haya, gobe in gani a jarida? Abin da ka zo yi ke nan?"

Nesta ta ce, "Auta, don girman Allah ka saurare shi. Mene ne a ciki in ka waiwaya? Wuyanka zai karye ne?"

"Yaya, a garinmu? A gaban mutanen da suka san ni? Su ce Emlyn ya tsufa ya fara leƙe?" Ya ɗaga murya ya kira masu gadi. Ya nuna Dewi ya ce, "Wannan ba ya cikinmu. Kada ya kusanci dandamali ta baya."

Aka fitar da Dewi. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Shiru ma magana ce, Zakara. Da can ka san haka." Nesta ta bi shi tana share ido da bakin mayafinta.

Emlyn ya hau dandamali. Ruwa na shigowa a karkace yana dukan fuskarsa. Abin da ke jininsa ya sa filin ya yi masa wani hazo-hazo, lemomi da rigunan ruwa suka narke suka zama abu guda, ya ɗauka taro ne. Ya yi waƙa, muryar na zuwa tana ɗaukewa. Tafin da ake yi daga nesa yake jiyo shi, amma bai tambayi kansa dalili ba.

Aka zo waƙar rufewa. Kiɗa ya hau, ya hau, sannan ya tsaya cak. Emlyn ya tako bakin dandamali, ya juya baya, dugadugansa a kan gefen katako. Ya buɗe hannuwa.

A cikin shirun nan ya ɗaga ido ya dubi mai ganga. A da, a nan yake ganin fuskar Dewi, ido a buɗe, yana leƙen bayansa. Yanzu tsakar kan wani baƙo ya gani, a sunkuye, sanda a ɗage. Gabansa ya faɗi. Ya ji babu hucin mutane a bayansa, babu ihun da ke tura mutum, sai ƙarar ruwa a kan ƙarfe. Zuciyarsa ta ce masa waiwaya. Juya wuya kawai. Wa zai kashe shi don ya juya wuya?

Ƙararrawa ta yi ƙara. Jikin da ya saba bin ta tun yana yaro bai jira shawara ba.

'Yan tsirarun da ke gaba, da suka ga mutum na tahowa daga sama, suka ja da baya da lemominsu. Ba mugunta ba ce, kowa ransa yake so. Mutum ɗaya ne ya kutso a guje ta cikin taɓo, ya miƙa hannuwa, ya shiga ƙarƙashinsa.

Emlyn ya farfaɗo a asibiti, ƙugunsa a karye, ƙashin bayansa ya tsage, an ɗaure shi ba ya ko motsi. Nesta na zaune a gefe. Abin da ya fara tambaya, ku ji fa, ba lafiyarsa ba ce. Cewa ya yi, "Yaya, me ya sa ba su cafe ni ba?"

Nesta ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "An cafe ka. Da ba a cafe ka ba, da kwanyarka na kan ƙarfen nan. Likita ne ya faɗa, ba ni ba."

"Wa?"

"Wanda ka sa aka kora. Ya zagaya ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya shiga yana roƙon mutane su matso gaba, suna ɗauka mahaukaci ne. Yana ɗakin da ke ƙarshen barandar nan. Hannunsa na dama ya farfashe tun daga kafaɗa. Sun ce za su bar masa shi, amma yatsun ba za su sake riƙe sanda ba." Ta gyara masa bargo. "Mista Calder kuma ya aiko da furanni. Na ba masu shara."

Emlyn ya juya fuska ga bango. Ko wannan da kyar ya iya.

Kada ku zaci nan take ya shiryu. Da maganin asibiti ya fara sakinsa, ƙishirwar allura ta taso masa. Ya yi zufa, ya yi amai, ƙasusuwansa suna ciwo har waɗanda ba su karye ba. Ya roƙi Nesta da hawaye ta kira masa wani mutum da ya sani. Ya yi mata daɗin baki, ya zage ta, ya ce ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Ta zauna tana saƙar safa, ta ce, "Zagi dai, auta. Na wanke maka kashi kana jariri, wannan ba zai kashe ni ba."

Dewi ya bar asibiti kafin shi, bai leƙo ba. Emlyn bai ga laifinsa ba.

Daga asibiti aka kai shi wani gida a bakin teku inda ake jinyar masu irin cutarsa. Can babu mawaƙi babu tauraro. Ya yi shara, ya fere dankali, ya zauna a da'ira da direbobi da malamai da matan aure, kowa da kofin shayinsa, kowa ya faɗi ɓarnar da ya yi da bakinsa. Ya fito, ya zame, Nesta ta tsinto shi a wani ɗaki a Cardiff ta mayar da shi. Ya sake farawa daga tushe. A karo na biyun ne ya buɗe baki a da'irar nan ya faɗi abin da ya ɓoye wa duniya. Ya ce, "Ni ban taɓa zama jarumi ba. Akwai mai duba min. Na kore shi, kuma na cinye masa hannu." Ranar ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar uwarsa.

Sai da ya ga shekara ta zagayo jininsa a tsarkake sannan ya yarda ya hau tudu. Lokacin haihuwar tumaki ne, da sanyin safiya. Ya bar motar haya a ƙasa ya taka da sanda, yana jan ƙafa, yana tsayawa yana huci. A hanya ya shirya jawabi mai tsawo. Da ya isa bakin garke ya ga Dewi durƙushe cikin tumaki, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji kamar busasshen reshe, sai jawabin ya gudu.

Dewi ya ɗago ya dube shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce, "Ka yi ƙiba."

"Dankali ne. Su abin da suka iya dafawa ke nan."

Suka yi shiru. Tumaki na kuka. Emlyn ya ce, "Dewi, ban san da wane baki zan..."

"Har yanzu kana sha?"

"A'a. Amma kullum tana kira na. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"To, gara da ka faɗi haka. Da ka ce ka warke da na kora ka." Dewi ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro tsohuwar ƙararrawar nan, duk ta yi tsatsa. Ya ce, "Uwar garken ta mutu da hunturu. Ga wadda za ta gaje ta can, mai baƙin kunne. Tun jiya nake fama, na riƙe ta da gwiwa, na ja igiya da haƙori, abin ya ƙi. Hannu ɗaya ba ya ƙulli. Ajiye sandar nan ka zo, Zakara, ka tsaya kana kallona kamar baƙo."

Emlyn ya jingine sandarsa. Ya durƙusa cikin taɓo da kyar, ƙugunsa na sara. Dewi ya danne tunkiyar da hannunsa mai lafiya, shi kuma ya zagaya igiya a wuyanta, yatsunsa na rawa, hawaye na hana shi ganin ƙullin. Da ya gama suka sake ta. Ta ruga tudu, ƙararrawa na ƙara, garke ya bi ta.

Dewi ya ce, "Ƙullin bai yi kyau ba, amma zai riƙe. Gobe akwai yankan ƙofato. Ka zo da wuri."

Yana can har yau, shi ne hannun daman Dewi. Muryar ba ta dawo yadda take ba, ƙafar ma haka. Ranar Lahadi yakan tsaya a sahun baya na mawaƙan cocinsu, inda ba a jin murya ɗaya ita kaɗai. Dewi kuwa bai sake taɓa ganga ba, kuma ba zai sake ba. Tuba tana wanke zunubi, amma ba ta mayar da yatsu.

To, ya 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Maye ba ya fara da kashe mutum. Farawa yake yi da raba shi da mai gaya masa gaskiya, ya bar masa masu buga masa abin da yake son ji, kansu a sunkuye. Wane ne a rayuwarka yake yi maka shiru lokacin da kowa ke tafi? Uwa ce, ko yaya, ko tsohon aboki da ka fara jin nauyin ganinsa? Shi ne mai duba maka. Ranar da ka ji ka tsane shi, ka binciki abin da ka fara sa wa jikinka. Kuma kada wani ya ce jikina ne, ni kaɗai zan cutu. Ranar faɗuwa masu tafi baya suke ja, wanda ya fi ƙaunarka shi ke shiga ƙarƙashi, a kansa nauyinka ke sauka.

Wanda ya riga ya shiga kuma, kada ya yanke ƙauna. Ƙofa a buɗe take muddin da numfashi. Amma ya waiwaya yau, tun bai kai bakin dandamali ba.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga ƙwaya da hoda da allura. Ya raba mu da girman kan da ke hana juya wuya. Ya bar mana masu gaya mana gaskiya, ya ba mu kunnen jin su, kada ya sa mu zama sanadin karyewar wanda ya miƙo hannu don ya tare mu. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.